Dutsen da ya faɗo daga sama: na mai gona ne, ko na wanda ya tsinta, ko na gwamnati?

Ranar 3 ga watan Oktoba na 1962, wani manomi a Zagami da ke ƙasar Katsina yana korar hankaki daga gonarsa, sai ya ji ƙara kamar ta aradu. Kafin ya ankara, wani dutse ya faɗo taku kaɗan daga inda yake tsaye, ya nutse cikin ƙasa kusan santimita 60. Da aka tono shi aka auna, nauyinsa ya kai kilo 18. An kai shi ofishin binciken ma'adinai na Kaduna aka ajiye. Sai bayan shekaru masana suka tabbatar cewa ɓallin duniyar Mars ne. A yau gutsattsarinsa sun warwatsu a gidajen tarihi da hannun 'yan kasuwa a ƙasashe da dama, har an sa ɗan ɓarɓashinsa a kumbon Mars Global Surveyor da Amurka ta harba a 1996.

Shekara 63 bayan haka, ranar 16 ga Yulin 2025, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wani dutsen Mars a birnin New York kan dala miliyan 5 da dubu 300, wato kusan biliyan 3 na kuɗin sefa. Dutsen mai nauyin kilo 24.67, wanda masana suka yi wa rajista da lambar NWA 16788, an tsince shi ne a hamadar jihar Agadas a watan Nuwamban 2023. Kwanaki kaɗan bayan gwanjon, hukumomin Yamai suka buɗe bincike kan yadda aka yi ya bar ƙasar, suna zargin fataucin da bai halatta ba.

Tambayar da waɗannan labarai biyu suka tayar ta shafi duk mai gona, da mai aron gona, da makiyayi, da fatake masu ƙetare iyaka: idan irin wannan dutse ya faɗo, wa doka ta ba?

Wane irin dutse ne?

Abin da ake kira météorite da Faransanci ɓalli ne na dutse ko ƙarfe da ya daɗe yana yawo a sararin samaniya, har ya kutso iskar da ke kewaye da duniya, ya tsira daga ƙonewa, ya iso ƙasa. Hasken da ake gani da dare a ce tauraro ya faɗi, galibi ƙwayoyi ne ƙanana da ke ƙonewa tun a sama. Manya ne kawai ke isowa.

Mafi yawansu sun fito ne daga tarin duwatsun da ke zagaya rana tsakanin Mars da Jupita. Kaɗan ne suka ɓallo daga wata ko daga Mars, bayan wani babban dutse ya daki fuskarsu ya watsa ɓaraguzai. Cikin duwatsu sama da dubu 77 da aka yi wa rajista a duniya, kimanin 400 ne kawai na Mars. Ana gane su ta sinadaransu, kuma iskar da aka samu a maƙale cikin wasunsu ta yi daidai da wadda kumbunan Viking suka auna a Mars a 1976.

Ya kamata a bambanta shi da gatarin aradu. Wancan dutse mai santsi da ake tsinta a gona a ce tsawa ce ta jefo shi, makami ne da mutanen zamanin dā suka sassaƙa da hannunsu. Shi ma yana da daraja ta tarihi, kuma dokokin kayan tarihi sun fi bayyana a kansa, amma ba daga sama ya zo ba.

Yankin Sahel da Sahara ya sha ganin irin wannan faɗuwa. An yi a Galim ta Kamaru a 1952, da Kabo ta ƙasar Kano a 1971, da Mayo Belwa a 1974, da Gujba a 1984, da tsaunin Tazerzait a jihar Tahoua a 1991, inda dutsen ya kai kilo 110. A watan Oktoban 2008 wani ya tarwatse a saman hamadar Nubiya ta Sudan, kuma ɗaliban Jami'ar Khartoum da malamansu ne suka bi sahu suka tattara ɗaruruwan gutsattsari. Ƙari a kan waɗannan, hamada na adana tsofaffin duwatsu dubban shekaru saboda rashin ruwa, kuma baƙin dutse a kan farin rairayi ba ya ɓuya. Shi ya sa Sahara ta zama babbar ma'adanar masu farautar duwatsun sama.

Babu doka ɗaya ta duniya

Wasu kan ɗauka cewa tun da daga sararin samaniya abin ya fito, dokar sararin samaniya ce za ta yi hukunci. Ba haka ba ne. Yarjejeniyar 1967 ta hana kowace ƙasa mallake wata ko wata duniya, amma ba ta yi magana kan abin da ya faɗo da kansa ba. Yarjejeniyar wata ta 1979 kuwa ta fito fili ta cire abubuwan da suka iso ƙasa ba da hannun ɗan Adam ba. Saboda haka da zarar dutse ya taɓa ƙasa, dokar ƙasar da ya faɗa ce ke aiki a kansa.

Idan aka duba dokokin ƙasashe da hukuncin kotunansu, amsoshi uku ake samu.

Amsa ta farko: na mai fili ne

Wannan ita ce hanyar Amurka, kuma ta samo asali ne daga shari'ar Goddard da Winchell. Ranar 2 ga Mayun 1890 duwatsu suka zubo a kusa da Forest City a jihar Iowa. Ɗaya mai kimanin kilo 30 ya nutse a wani filin kiwo da mai shi ya bayar haya. Wani maƙwabci ya tono shi a gaban ɗan hayar, ya sayar wa wani masanin duwatsu kan dala 105. Mai filin ya kai ƙara. A 1892 kotun ƙolin jihar ta ba shi gaskiya, bisa hujjar cewa abin da ikon halitta ya kawo ya shige cikin ƙasa ya zama ɓangaren filin, kamar yadda laka da ambaliya ke kawowa ke zama ta mai gona.

Shari'a ta biyu ta fi ban mamaki. A 1902 wani mutum a jihar Oregon ya gano ƙaton ƙarfen sama mai nauyin fiye da tan 14 a filin wani kamfanin ƙarfe da ke maƙwabtaka da shi. Ya shafe kusan wata uku yana jan sa a ɓoye da amalanke da doki, tazarar fiye da kilomita ɗaya, har ya shigar da shi filinsa. A gaban alƙali ya ce ai kayan ibada ne da 'yan asalin yankin suka bari, don haka tsintuwa ce. A 1905 kotu ta mayar wa kamfanin. Wata attajira ta saye shi ta ba gidan tarihin halittu na New York. Su kuwa jikokin 'yan asalin yankin, waɗanda ke ɗaukarsa abu mai tsarki, sai a shekarar 2000 suka samu yarjejeniyar da ta ba su damar ziyartarsa duk shekara.

Wanda wannan ƙa'ida ta fi ƙuntata wa shi ne ɗan haya. Ranar 30 ga Nuwamban 1954, wani dutse mai kusan kilo 4 ya fasa rufin wani gida kusa da Sylacauga ta jihar Alabama, ya daki akwatin rediyo, ya faɗa kan Ann Hodges tana kishingiɗe, ya bar mata ƙaton tabo a kwatangwalo. Matar da ta ba ta hayar gidan ta ce dutsen nata ne. Bayan doguwar jayayya, iyalin Hodges suka biya ta dala 500 ta janye. Kafin nan kasuwa ta riga ta watse, ba su samu mai saye ba, suka ba gidan tarihin jihar kyauta a 1956. Wani manomi baƙar fata da ya tsinci ƙaramin ɓalli na dutsen a bakin hanya, ya nemi lauya ya sayar da wuri, shi ne ya samu abin sayen gida da mota.

Kanada ma mai fili take ba, sai dai ba a fitar da dutsen daga ƙasar sai da izinin gwamnati.

Amsa ta biyu: na wanda ya tsinta ne

Wannan ra'ayi na kallon dutsen a matsayin abin da bai taɓa zama na kowa ba, kamar kifi a kogi ko naman daji, wanda ya fara kai hannu shi ne mai shi.

A Faransa, wadda dokokin farar hula na Nijar da Kamaru da Cadi suka samo tushe daga nata, babu dokar da ta ambaci dutsen sama da suna. Sashe na 552 na kundin dokokin farar hula ya ce wanda ya mallaki fili ya mallaki abin da ke samansa da ƙarƙashinsa. Sashe na 716 kuma ya ce dukiyar da aka binne aka gano bisa katari a filin wani, rabi na mai tsintuwa ne, rabi na mai fili. Lauyoyi sun daɗe suna musu kan wanne ya dace da dutsen sama, domin ba wanda ya binne shi, kuma ba a nan ya samo asali ba. A 2014 wata kotu a Charleville-Mézières ta ba wani mutum ƙarfen sama mai fiye da kilo 360 da ya tono a dajin gwamnati na Mont-Dieu, ta ce abu ne marar mai shi.

Shari'ar da ta fi nuna wuyar lamarin ita ce ta Suwidin. Ranar 7 ga Nuwamban 2020 wani ƙarfe mai kilo 14 ya faɗo a wani daji mai zaman kansa kusa da Enköping, wasu masana duwatsu biyu suka gano shi bayan makonni. Kotun farko ta ba masu tsintuwa a 2022. Kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin ta ba mai fili a 2024. Kotun ƙoli ta sake mayar wa masu tsintuwa a 2025, ta ce kaya ne da ake iya ɗauka, bai zama ɓangaren filin ba. Dutse ɗaya, ƙasa ɗaya, doka ɗaya, amma sau biyu hukunci yana juyawa.

Ko a inda ake bin wannan ra'ayi, tsintuwa ba ta halatta kutse. Wanda ya haura shingen gona ko katangar gida ba da izini ba, laifinsa na nan daram.

Amsa ta uku: na ƙasa ne

Ƙasashe da yawa sun ɗauke shi a matsayin gadon kimiyya da bai kamata mutum ɗaya ya riƙe ba. A Afirka ta Kudu, dokar kayan gado ta 1999 ta ce dutsen sama mallakar gwamnati ne. A Namibiya dokar 2004 ta kare su, kuma can ne ake da Hoba, mafi girma da aka sani a duniya, mai kimanin tan 60, wanda wani manomi ya ci karo da shi a gonarsa kusa da Grootfontein a 1920. Har yau yana inda ya faɗa, an mayar da wurin abin tarihi na ƙasa tun 1955.

A Indiya ana miƙa shi ga hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa. A Danmak da Suwizalan hukuma ce ke karɓa, amma tana biyan wanda ya tsinta lada. Wannan bambanci na da muhimmanci, domin inda doka ke ƙwacewa ba ta bayar da komai, mutane ɓoyewa suke yi su sayar a bayan fage, masana su yi asara, gwamnati ma ta yi.

Wasu ƙasashen da gaske suke hukunta masu karya doka. A 1990 an kama wani shahararren dillali Ba'amurke, Robert Haag, a Ajantina yana ƙoƙarin ɗauke wani ƙaton ƙarfen sama daga Campo del Cielo. A 2011 Oman ta ɗaure wasu Amurkawa biyu masu farautar duwatsu na tsawon watanni. Aljeriya ta haramta fitar da su. Maroko, wadda ta zama babbar kasuwarsu tun ƙarshen shekarun 1990, ta zaɓi tsaka-tsaki: ta kafa ƙa'idar neman izini kafin fitarwa, bayan fafutukar masana irin su Farfesa Hasnaa Chennaoui Aoudjehane ta Jami'ar Hassan II da ke Kasablanka.

Ina Nijar da maƙwabtanta suka tsaya?

Labarin NWA 16788 ya fito da giɓin fili. Abin da aka bayyana shi ne, wani mai farautar duwatsu ya same shi ranar 16 ga Nuwamban 2023 a yankin Chirfa, daga nan ya shiga hannun wani dillali na ƙasa da ƙasa, ya isa wani gidan baje koli a Arezzo ta Italiya, aka nuna shi a birnin Rum a 2024, sannan ya ƙare a New York. Ba a bayyana sunan mai sayarwa ko mai saye ba. Sotheby's ya ce an fitar da shi bisa dukkan ƙa'idojin da suka dace. Masanin burbushin halittu na Jami'ar Chicago, Paul Sereno, wanda ya daɗe yana aiki a Nijar, ya ce gadon ƙasar ne kuma ya kamata a mayar mata. A watan Agustan 2025 Janar Abdourahamane Tiani ya dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da duwatsun sama daga ƙasar.

Matsalar ita ce, lokacin da dutsen ya fita, Nijar ba ta da dokar da ta ambaci dutsen sama kai tsaye. Tana da dokar kare kayan gado ta 1997, wadda ta haɗa da samfuran ma'adinai masu wuyar samu. Akwai kuma yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana fataucin kayan al'adu, wadda Nijar da Najeriya da Kamaru suka shiga tun 1972, Amurka kuma a 1983. Ita ma ta lissafa samfuran ma'adinai masu wuyar samu, amma ta bar wa kowace ƙasa ta fayyace abin da take karewa. Ƙasar da ba ta rubuta sunan abu a dokarta ba, sai ta sha wuya kafin ta shawo kan kotun wata ƙasa.

Hanya ta biyu da gwamnati ke iya bi ita ce dokar ma'adinai. Sashe na 44(3) na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce duk ma'adinan da ke ciki, ko ƙarƙashi, ko kan kowane fili na gwamnatin tarayya ne. Sashe na 257(6) na tsarin mulkin Gana na 1992 ya faɗi kusan haka. Dokokin ma'adinai na Nijar da Kamaru da Cadi su ma sun ba gwamnati arzikin ƙarƙashin ƙasa. An rubuta waɗannan dokoki ne da zinariya da yuraniyom da man fetur a zuciya, kuma lauya na iya cewa baƙon dutse ɗaya tilo ba ma'adana ba ce. Amma kalmominsu na da faɗi, kuma jami'in da ya tsayar da mota a kan iyaka ba zai jira lauya ba.

Filin ma, na wa ne?

Ga Hausawan da ke zaune a ƙasashen da ba su ne masu rinjaye ba, akwai tambayar da ta riga ta dutse. Ko da doka ta ce na mai fili ne, wane ne mai filin a idon doka?

A Kamaru, dokar 1974 ta sa takardar mallaka ta gwamnati, wato titre foncier, ta zama shaidar mallakar fili, kuma filin da ba shi da ita na cikin filayen ƙasa da gwamnati ke kula da su, ko da iyali sun gaji nomansa kaka da kakanni. A Cadi dokokin 1967 na bin irin wannan tsari. A Sudan, dokar 1970 ta mayar da duk filin da ba a yi wa rajista ba na gwamnati. A Gana mafi yawan filaye na hannun sarakunan gargajiya da iyalai, kuma mazauna zango da dama haya ko izinin zama suke da shi. A Najeriya dokar 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnonin jihohi, mutum haƙƙin zama da amfani kawai yake riƙewa. A Nijar tsarin dokokin karkara na 1993 ya amince da mallakar gargajiya a kan gonaki, amma filayen kiwo da hamada na cikin dukiyar jama'a da gwamnati ke riƙe da ita.

Ma'anar wannan ita ce, mutum na iya cewa “a gonata ya faɗo”, a tambaye shi takarda ya rasa. Mai aron gona da mai jingina da ɗan ƙodago kuwa matsayinsu ya fi rauni, kamar na ɗan hayar Iowa da matar Alabama. Kuma yawancin duwatsun Sahara ba a gonar kowa ake samunsu ba, a fili ne da doka ke ɗauka na gwamnati.

A wuraren da mai unguwa ko liman ke fara sasanta rigima kafin ta kai kotu, littattafan fiƙihu ma na da rabe-rabensu. Akwai tsintuwa, wato abin da ya ɓace wa mai shi, wadda ake cigiyarta shekara guda. Akwai rikazi, dukiyar mutanen dā da aka binne, wadda ake fitar wa ɗaya bisa biyar. Akwai ma'adinai, waɗanda a mashahurin ra'ayin Malikiyya al'amarinsu na hannun shugaba. Akwai kuma abin da ba na kowa ba, wanda ake mallaka da kai hannu. Dutsen sama bai ɓace wa kowa ba, ba wanda ya binne shi, kuma ba cikin ƙasa ya tsiro ba, don haka malamai ma sai sun yi nazari kafin su sa shi a ɗaya daga ciki. Damuwar da ta raba kan alƙalan Suwidin ke nan.

Ba kowane ne tsuntsu daga sama gasasshe ba

Labarin miliyoyin daloli na iya ruɗar mutane. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na duwatsun da ake ganin faɗuwarsu nau'i ne na gama-gari, kuma tsofaffinsu da ake tsinta a hamada giram ɗaya sau da yawa bai kai dala ɗaya ba. Na Agadas ya tashi kimanin dala 215 kowane giram ne saboda na Mars ne kuma ba a san wanda ya kai shi girma ba. Mafi yawan duwatsun da ake kai wa masana ma ba na sama ba ne, kashin maƙera ne ko marmara mai ƙarfe.

A 2020 wani mai ƙera akwatin gawa a tsibirin Sumatra na Indunusiya ya ga dutse mai kimanin kilo 2 ya fasa masa rufi. Jaridu suka yayata cewa ya zama miloniya, alhali abin da ya karɓa kimanin dala dubu 14 ne. Ribar gaske tana samuwa ne bayan an tantance dutse an yi masa rajista, kuma wannan mataki galibi a hannun dillalan waje yake.

Rajistar kanta na da ƙa'ida. Kwamitin sanya suna na ƙungiyar masana ta Meteoritical Society ba ya amincewa da dutse sai an ajiye samfur a wata cibiyar bincike, giram 20 ko kashi 20 cikin ɗari, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Dutsen da aka san inda ya faɗa kan ɗauki sunan wurin, kamar Zagami da Gujba. Haruffan NWA kuwa na nufin arewa maso yammacin Afirka, kuma an fi sa su ga duwatsun da suka bi ta hannun 'yan kasuwa. Dubban duwatsu sun bar yankin da wannan lamba, ba tare da sunan ƙauye ko rijiya ko ƙasar da suka fito ba.

Idan abin ya faru

Alamomin farko su ne baƙin ɓawo siriri kamar an ƙona shi, nauyin da ya fi na dutsen wurin, da jan maganaɗisu, ko da yake na Mars da na wata ba sa jan sa sosai. Ba shi da guba, kuma ba ya fitar da tururin nukiliya.

Abin da masana ke ba da shawara shi ne a ɗauki hotonsa a inda yake kafin a taɓa, a rubuta rana da sa'a, a adana wurin a wayar salula idan da hali, kuma a kira shaidu. Kada a wanke shi, kada a shafa masa mai, kada a farfasa. Dutsen Gujba, wanda ke cikin nau'o'i mafi wuyar samu a duniya, an farfasa shi ne tun a ƙauye aka rarraba. Sai a naɗe shi a leda mai tsabta, a ajiye a busasshen wuri.

Idan gonar ta aro ce ko ta haya, ko kuma makiyayi ne ya tsinta a gonar wani, gara a zauna gaban mai gari a rubuta yadda za a raba tun kafin mai saye ya bayyana, domin bayan an ji farashi sulhu kan yi wuya. Daga nan a sanar da ofishin ma'adinai ko sashen nazarin duwatsu na jami'a mafi kusa, a karɓi takardar shaidar abin da aka miƙa, da nauyinsa da hotonsa. Wanda ya karɓi saƙon dutse zai ƙetare iyaka da shi ba takarda, ya san cewa abin da ba laifi ba ne a gefe ɗaya na iya zama fasa-ƙwauri a ɗaya gefen, kuma a Nijar an rufe wannan ƙofa a 2025.

Ga gwamnatocin yankin kuma, misalan Danmak da Namibiya da Maroko sun nuna abin da doka ke buƙata: ta ambaci dutsen sama da sunansa, ta faɗi rabon mai tsintuwa da na mai gona, ta tilasta ajiye samfur a jami'ar ƙasa, ta kuma fayyace wanda ke ba da izinin fitarwa. Muddin ba a rubuta waɗannan ba, dillali ne zai ci gaba da yanke farashi a bakin rijiya, masanin Yamai ko na N'Djamena kuma sai ya nemi biza kafin ya ga dutsen da ya faɗo a ƙasarsa.